WAEC, NECO ko Cambridge: A Kan Wace Jarrabawa Za a Gina Karatun Matashi a Gida?

Iyalan da ke riƙe ɗansu ko 'yarsu a gida a shekarun babbar sakandare ba su da yawa a Arewacin Najeriya, amma suna nan, kuma dalilansu ba na wasa ba ne. Akwai waɗanda suka janye 'ya'yansu daga makaranta bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da Kagara da Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da Kuriga a watan Maris na 2024. Akwai masu yaron da ciwon sikila ke kwantar da shi mako biyu ko uku a kowane zango, har ya kasa bin aji. Akwai kuma wanda ɗansa ya tafi hadda ya dawo da Alƙur'ani a ka yana ɗan shekara 15 ko 16, ya girmi ajin da karatunsa na boko ya kai, kuma ba zai yarda ya zauna a benci ɗaya da ƙannensa ba. Duk waɗannan iyaye sukan fara da tambayar abin da za su koyar da littattafan da za su saya, alhali akwai tambayar da ta riga wannan, wato wace takardar shaida ce yaron zai riƙe a ƙarshe. Wanda ya sayi littattafai kafin ya amsa ta ya zama kamar mai yanka yadi bai san rigar da za a ɗinka ba.

Wajibi ne a fara daga nan saboda mafi yawan shawarwarin da ake samu a intanet game da karatun gida daga Amurka suke fitowa, kuma tsarin can ya sha bamban da namu. A Amurka doka ta amince da karatun gida a dukkan jihohi 50, uwa ko uba na iya tsara darussan shekaru huɗu na sakandare, su ba da maki da kansu, su rubuta takardar da ke nuna abin da yaro ya karanta, kuma jami'o'i da dama su karɓe ta tare da sakamakon wata jarrabawa irin SAT. A Najeriya takardar da iyaye suka rubuta ba ta da gurbi a fom ɗin JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu. Abin da jami'a da kwalejin ilimi da kwalejin kimiyya da fasaha suke nema shi ne sakamakon wata hukumar jarrabawa da gwamnati ta sani, mai ɗauke da kiredit biyar idan jami'a ake nema, waɗanda a mafi yawan kwasa-kwasai dole Turanci da lissafi su kasance a ciki. Saboda haka zaɓin manhaja a wurinmu zaɓin hukumar jarrabawa ne, sauran abubuwan duk bin baya suke yi.

Ta fuskar doka, abin da ya kamata a sani shi ne dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya kammala shekaru tara na farko, shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare. Shekaru ukun babbar sakandare ba sa cikin wannan tilas ɗin, kuma hukumomin jarrabawa da kansu sun buɗe ƙofa ga ɗalibi mai zaman kansa, wanda ba ya ƙarƙashin kowace makaranta. Ta wannan ƙofar ɗan gida zai shiga.

Hanyar da ta fi kusa, kuma wadda nake ganin ta dace da mafi yawan iyalai, ita ce jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko ta NECO, wadda mutane suka fi sani da GCE. An kafa WAEC a 1952, kuma ƙasashe biyar ne suka haɗu a kanta: Najeriya, Ghana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. NECO kuwa ta Najeriya ce kaɗai, an kafa ta a 1999 a zamanin mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, hedikwatarta tana Minna. Dukkansu a kan manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa makarantun ƙasar suke gina tambayoyinsu, ma'aunin makinsu ma ɗaya ne, daga A1 zuwa F9, inda C6 ne ƙarshen kiredit, D7 da E8 kuma wucewa ce kawai da ba ta buɗe ƙofar jami'a. Ma'anar wannan ga mai koyarwa a gida ita ce shiri ɗaya ya ishi jarrabawa biyu, ba sai an sayi littattafai kashi biyu ba.

Bambancin da ke tsakanin ɗan makaranta da ɗalibi mai zaman kansa ya fi bambancin da ke tsakanin hukumomin biyu muhimmanci. Ɗan makaranta yana rubuta WAEC a watannin Mayu da Yuni, NECO a Yuni da Yuli, kuma makarantarsa tana tura makin gwaje-gwajen aji na shekaru uku, wanda malamai ke kira CA, a haɗa shi da na jarrabawa. Mai zaman kansa ba shi da wannan tallafin: abin da ya rubuta a ranar shi ne makinsa gaba ɗaya. Haka nan a darussan kimiyya ɗan makaranta yana shiga ɗakin gwaje-gwaje ya riƙe kayan aiki da hannunsa, shi kuwa mai zaman kansa takarda ake ba shi a madadin firaktikal, inda za a zana masa kayan awo da alkaluman da aka samu, a ce ya karanta, ya yi lissafi, ya zana jadawali, ya faɗi abin da gwajin ya nuna. Wannan sauƙi ne babba ga iyalin da ba su da ɗakin gwaji, amma yana da tarkonsa, wanda zan koma kansa.

Wasu iyaye, don gudun wannan hanyar, sukan biya wata makaranta mai zaman kanta ta sa sunan yaron cikin ɗalibanta a shekarar ƙarshe, a ƙirƙira masa makin CA na azuzuwan da bai taɓa zama a cikinsu ba. Ban ga hikimar hakan ba. Makarantun da ke karɓar irin wannan ciniki galibi su ne waɗanda ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo, kuma idan hukuma ta kama wata cibiya da maguɗi takan riƙe sakamakon ɗaliban cibiyar, har da na wanda ya yi da guminsa. Ga kuma darasin da yaron ya ɗauka, bayan an shafe shekaru ana tarbiyyarsa a gida.

Idan aka zo tsakanin WAEC da NECO, abubuwa biyu ne suke raba su a aikace. Na farko shi ne yawan damar zama. NECO tana da zagaye ɗaya na masu zaman kansu, a ƙarshen shekara. WAEC tana da biyu: na ƙarshen shekara, wanda shi ne tsoho kuma mai cikakken jerin darussa, da na watannin Janairu da Fabrairu, wanda aka ƙaro a 2018, mai taƙaitattun darussa da cibiyoyi a manyan birane, kuma shi ne zagayen da hukumar ta fara gudanarwa ta kwamfuta a 2024. Na biyu shi ne sanuwa a ƙasashen waje. WAEC ta girmi NECO da kusan shekaru 50, ta kuma ratsa ƙasashe biyar, don haka jami'o'in waje sun fi sabawa da takardarta, wasu jami'o'in Birtaniya ma sukan karɓi kiredit ɗinta na Turanci a madadin jarrabawar gwada harshe. A cikin gida kuwa darajarsu ɗaya ce, kuma jami'o'i da yawa suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, ko da ɗaya na WAEC ne ɗaya na NECO. Sai dai kwasa-kwasan da ake rububinsu, musamman likitanci, a jami'o'i da dama zama ɗaya ake nema. Maganar da ake yawan yi cewa NECO ta fi sauƙi ba abin gina shiri a kanta ba ce. Iyalin da ke da halin biyan biyun, su biya, bayan sun duba jadawalin kowacce don kada takardu su yi karo, tun da a lokaci kusan ɗaya suke faɗowa. Idan ɗaya kawai aljihu zai ɗauka, ni WAEC zan zaɓa.

Hanya ta biyu ita ce IGCSE ta Cambridge, jarrabawar sakandare da ake shiryawa a Birtaniya, wadda iyaye masu hali a Abuja da Kano da Kaduna suke ƙara karkata gare ta. Ana rubuta ta sau biyu a shekara, a tsakiyar shekara da kuma watannin Oktoba da Nuwamba, kuma ɗalibi mai zaman kansa yana yin rajista ta hannun British Council. A matsayin manhaja tana da kyawun da ba a musu. An tsara ta a kan shekaru biyu, kowane darasi yana da takardar bayani da ta zayyana dalla-dalla abin da za a tambaya, ana samun tsofaffin tambayoyi tare da tsarin ba da maki, kuma tambayoyin sun fi neman ɗalibi ya yi bayani ya yi amfani da abin da ya sani a kan sabon yanayi, ba ya zubo hadda ba. Ga uwa ko uban da ba malami ba, wannan tsabtar tsari taimako ce ta gaske, domin yana iya auna ɗansa da ma'aunin da masu gyara takarda za su yi amfani da shi. Ita ma tana da takardar madadin firaktikal a darussan kimiyya. A kula da abu ɗaya wajen rajista: darussa da dama suna da mataki biyu, ƙaramin mataki da ba a wuce makin C a cikinsa komai ƙoƙarin yaro, da babban mataki da ke kaiwa har A*.

Matsalarta ta farko kuɗi ce. WAEC da NECO kuɗi ɗaya ake biya wa dukkan darussa, Cambridge kuwa kowane darasi da kuɗinsa, farashin yana bin fam na Ingila, kuma tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 kuɗin darasi ɗaya ya zarce na rajistar WAEC gaba ɗayanta. Littattafanta ma daga waje suke zuwa. Matsala ta biyu ita ce wadda iyaye ba su cika hangowa ba: IGCSE kaɗai ba ta shigar da yaro ajin farko na digiri a Birtaniya, sai ya ƙara shekaru biyu na A Level, wato matakin da ke gaba da IGCSE, ko shekara ɗaya ta share fage, wato dai hanyar da mai takardar WAEC shi ma zai bi. Idan kuma lissafi ya canza, kuɗin karatun waje ya gagara, yaron zai dawo ya rubuta JAMB, wadda tambayoyinta ke bin manhajar Najeriya, sai ya tarar da giɓi a darussa irin su ilimin gwamnati da tattalin arziki, har da wasu batutuwan kimiyya da ba a jera su iri ɗaya ba. Sannan Cambridge tana da Larabci da ilimin addinin Musulunci amma ba ta da Hausa, darasin da a WAEC da NECO yake iya zama kiredit mai sauƙin samu ga yaron da aka koya wa ƙa'idojin rubutu da adabi. A ganina IGCSE ta dace da iyalin da suka tabbata yaron waje zai tafi, kuma suna da kuɗin kai shi har A Level, wadda ita kuma JAMB ke karɓa don shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Wanda bai tabbata ba, ya ɗauki tsofaffin tambayoyin Cambridge na lissafi da kimiyya ya riƙa wasa ƙwaƙwalwar ɗansa da su, amma ya yi rajistar WAEC.

GED ta Amurka, jarrabawar da ke zama madadin takardar kammala sakandare, ba ta buƙatar dogon bayani. An ƙirƙiro ta a 1942 don sojojin da yaƙi ya katse wa karatu, takardu huɗu ce kawai, lissafi da harshe da kimiyya da ilimin zamantakewa, kuma na ƙarshen tarihi da tsarin mulkin Amurka ne ya mamaye shi. Kada a biya mata ko sisi sai an samu amsa a rubuce daga jami'ar da ake nufi cewa tana karɓarta.

Akwai hukumomi biyu na cikin gida da ake mantawa da su, alhali ga wasu yaran su ne suka fi dacewa. Ta farko ita ce NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, wadda aka kafa a 1992, hedikwatarta a birnin Benin, mai ba da takardar NTC ga masu sana'o'in hannu da NBC ga masu harkar kasuwanci da aikin ofis, kuma tana da zagaye na ƙarshen shekara. Ɗalibinta yana rubuta Turanci da lissafi da sauran darussan gama-gari, tare da sana'a guda irin su wayarin wutar lantarki, kanikancin mota, walda, kafinta, ɗinki ko girki, kuma ana karɓar takardar wajen neman gurbin karatu na gaba. Ga matashin da yake zuwa gareji ko shagon tela da rana yana karatu da safe, wannan ce hanyar da ke mayar da abin da yake koya a wurin maigidansa ya zama maki a takarda. Amma gwajin sana'ar na hannu ne, ana buƙatar wurin aiki da kayan aiki, kuma maigidan da ya iya aiki ba lallai ne ya san sunayen kayan da Turanci da ka'idojin da za a tambaya a rubuce ba, don haka sai an haɗa da malami daga wata kwalejin fasaha.

Ta biyu ita ce NBAIS, hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, wadda asalinta ke komawa zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ta zama hukumar ƙasa. Jarrabawarta tana haɗa Larabci da darussan addini da Alƙur'ani da Turanci da lissafi da sauransu, kuma ana neman gurbin jami'a da ita. Mahaddacin da ya dawo da nahawu da fiƙihu a hannu yana da jarin da WAEC za ta ba shi darasi biyu kawai a kansa, Larabci da ilimin addinin Musulunci, ita kuwa NBAIS za ta ƙirga masa shi da yawa. Hukumar tana aiki ne ta hannun makarantun da ke da rajista da ita, saboda haka matakin farko shi ne a je ofishinta a ji yadda za a shigar da yaron. Idan kuwa burinsa injiniyanci ne ko likitanci, ni zan bar shi a kan WAEC, a saka Larabci da addini cikin darussansa su ɗaga sakamakon.

Bayan an zaɓi hukuma sai zaɓin darussa, kuma a nan ma daga ƙarshe ake farawa, wato daga JAMB. Jarrabawarta darussa huɗu ce, Turanci na dole da wasu uku da suka dace da kwas ɗin, tambayoyi 180 cikin awa biyu a kan kwamfuta, maki 400. Mai neman likitanci zai rubuta fiziks da kemistiri da bayoloji, mai neman injiniyanci lissafi da fiziks da kemistiri, mai neman aikin lauya kuma ba shi da makawa daga adabin Turanci, wanda tsangayoyin shari'a ke neman kiredit a cikinsa. Waɗannan darussan huɗu, tare da lissafi idan ba ya cikinsu, su ne ginshiƙin jadawalin gida, su za a ba safiya lokacin da kai yake a sake, su za a ɗaukar wa malamin lesin idan kuɗin malami biyu ko uku kawai ake da shi. Sauran darussan da za su cika takwas ko tara a zaɓo waɗanda yaro zai iya karantawa da kansa da ɗan sa ido, irin su Hausa, ilimin addini, ilimin aikin gona ko labarin ƙasa. Jerin darussan dole yakan canza, littattafan adabin da WAEC ke zaɓa kuma duk shekara biyar ake sauya su, saboda haka a nemi takardar manhaja ta shekarar da yaron zai zauna, ba tsohuwar da yayansa ya bari a kwali ba.

Akwai kayan aiki guda da iyaye kaɗan ne suka san da shi, kuma kyauta ne: rahoton manyan masu gyara takarda, wanda WAEC ke sakawa a shafinta na intanet darasi bayan darasi, inda ake bayyana tambayar da ɗalibai suka fāɗi a kanta da dalilin faɗuwar. Mai koyarwa a gida da ya karanta rahoton shekaru uku na lissafi zai san inda zai tsaya ya daɗe. Takardar lissafin kanta kashi biyu ce, tambayoyi 50 na zaɓi, sai 13 na aiki waɗanda ake amsa 10 daga ciki, kuma a kashi na biyun ana ba da maki a kan matakan aiki, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Yaron da ya saba yin lissafi a ka ya rubuta amsa tsirara zai zubar da maki ko da ya yi daidai, kuma wannan ɗabi'a ce da ke kama ɗan gida fiye da ɗan aji, domin babu mai karɓar littafinsa ya ja masa jan biro kullum.

Tarkon madadin firaktikal da na ambata shi ne yaro ya haddace abin da bai taɓa gani ba. Zai iya rubuta cewa ruwa ya sauya launi a daidai wani awo, amma da zarar an juya tambayar sai ya ɓace, saboda kalmomi ya riƙe ba abin da ya faru ba. Da yawa daga cikin wannan ana iya gyara shi a tsakar gida. A jiƙa zoɓo a tace, a zuba a kofuna biyu na gilashi, a matsa lemon tsami a ɗaya, a ɗiga ruwan kanwa a ɗayan: na farkon zai ƙara ja, na biyun ya rikiɗe ya koma duhu mai ratsin kore, idan kuma aka riƙa ɗiga lemon a kan na kanwar a hankali sai jan ya dawo. Wanda ya ga wannan da idonsa ya fahimci abin da ake nufi da sinadarin da ke nuna asid da kishiyarsa. Zare da ƙaramin dutse da agogon waya sun isa gwajin lilo na fiziks, a riƙa sauya tsawon zaren ana ƙirga lokacin kai-kawo 20, a zana jadawali a takardar giraf. Wake da masara da aka jiƙa, da fara, da ƙodar akuya daga wurin mahauci sun isa zane-zanen bayoloji. Abin da ya rage, musamman awon sinadarai da bututun gilashi, a nemi izinin wata makaranta a biya malaminta ya nuna wa yaron a ranakun Asabar na zango ɗaya.

Inda ɗan gida ya fi shan wahala shi ne Turanci, kuma shi ne darasin da ba ya gyaruwa a watanni uku na ƙarshe. Ɗan makaranta yana jin harshen awa shida a rana ko da gurɓatacce ne, shi kuwa wanda ke gida da Hausa ake yi masa bayanin komai, abin da ke taimaka wa fahimta amma yake rage sabo. Takardar WAEC tana neman insha'i, da fahimtar nassi, da taƙaitawa cikin jimlolin ɗalibi na kansa, da wani kashi na sautuka da ake amsawa a rubuce. Maganinsa rubutu ne duk mako, wasiƙa ko muhawara ko labari, wanda wani da ya iya zai gyara da biro ya sa a sake kwafewa, tare da karatu da babbar murya kullum. Idan iyalai uku ko huɗu masu irin wannan hali za su haɗa yaransu sau biyu a mako su biya malamin Turanci ɗaya, sun rage kuɗi, kuma yaran sun samu abokan muhawara, abin da matashi ke buƙata ko ba don jarrabawa ba.

Sai batun lokaci, wanda ke da wani lissafi na musamman. Tsaran yaron da ke makaranta za su zauna a watan Mayu na shekararsu ta uku, shi kuwa ƙofarsa mafi faɗi tana ƙarshen shekara, don haka ko dai ya riga su da wata shida ko su riga shi da wata shida. Na fi son na farko. Karatun mutum ɗaya da malami ɗaya ya fi na aji mai ɗalibai 60 sauri, kuma aikin zango tara yana iya shiga cikin zango shida ko bakwai idan aka rage dogon hutu. Wanda ya fara a watan Satumba zai iya gama manhaja cikin shekaru biyu, ya yi watanni biyu yana bitar tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, ya zauna a ƙarshen shekarar, sannan ya juya ga darussa huɗun JAMB, wadda ake rubutawa wajen watan Afrilu, kuma ana iya yin rajistarta ana jiran sakamako. Sakamakon ƙarshen shekara yakan fito a watannin farko na sabuwar shekara, sau da yawa bayan an rufe rajistar zagayen Janairu, saboda haka idan yaro ya fito daga wata takarda ya san ba ta yi kyau ba, a yi masa rajistar gyara ba tare da jira ba. Kada dai sauri ya yi yawa: mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne, an yi yunƙurin ɗaga shi zuwa 18 a 2024 aka janye, kuma wanda ya gama yana ɗan shekara 14 zaman jira zai yi.

Tun da JAMB ta kwamfuta ce, WAEC ma ta kama hanyar, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana buƙatar atisaye a wata cibiya makonni kafin ranar, domin waya ba ta koya wannan. Rajistar kanta a shagon intanet ake yi, da hoto da zanen yatsu, kuma JAMB ba ta karɓar kowa sai da lambar NIN tun daga 2021. A yi wa yaron NIN tun a shekarar farko, a tsayar da rubutun sunansa da jerin sunayen da ranar haihuwa, sannan a zauna kusa da mai buga fom a tabbatar abin da ya shigar a WAEC da NECO da JAMB ya yi daidai da na NIN harafi da harafi, domin Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata ya isa ya tsayar da yaro a teburin tantancewa na jami'a, kuma gyaran suna a takardar da ta riga ta fito yana cin watanni da kuɗi.